Waƙar Wani a Bakin Wani: Daga Fadar Dutse Zuwa Situdiyo

A daren biki a Dutse, ko a Takur ko a Gida Dubu, idan an ci abinci an natsu, sau da yawa akan ga saurayi ya zauna gaban fiyano, ya latsa maɓalli kiɗa ya tashi, ya jawo wata tsohuwar waƙar Mamman Shata. Amshin yana nan yadda aka san shi. Sunan wanda aka yi wa waƙar ne ya fita, sunan ango ko na wani ɗan siyasa da ke kujerar gaba ya shiga gurbinsa. Matasa su tashi su yi ta liƙi. Dattawa kuwa su kasu biyu: wasu su ji daɗi an tuna da mazan jiya, wasu su ɓata rai, a ganinsu an ɗauki rigar sarki an sa wa ɗan tauri.

Gardamar da ke tsakanin dattawan nan ta girmi fiyano, ta girmi kaset. Tun da aka fara waƙa a ƙasar Hausa ake ɗaukar ta wani a sake rerawa, kuma wasu daga cikin ayyukan da ake tinƙaho da su a yau ta wannan hanya aka same su. Tarihin abin yana nuna cewa maimaicin da ya daɗe a kunnen mutane shi ne wanda ya samar wa tsohuwar waƙa sabon aiki, ya kuma faɗi inda ya samo ta. Wanda ya tsaya ga kwaikwayon murya kaɗai, da wuya ya wuce shekararsa.

Yadda abin yake a Turai da Amurka

Masu sauraron kiɗan Turawa sun daɗe suna jera sunayen waɗanda suka fi iya sake rera waƙoƙin manyan ƙungiyoyi, musamman na Beatles, samarin nan huɗu na Ingila da suka rabu a 1970. A 1967 suka fitar da "With a Little Help from My Friends", waƙa mai sauƙi mai fara'a. Shekara guda bayan haka Joe Cocker ya rage mata sauri, ya sauya mata kari, ya rera ta da murya mai kaushi kamar ta mai neman agaji, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, ya kuma rera ta a taron Woodstock a 1969. Wilson Pickett ya yi wa "Hey Jude" irin wannan a 1968, ya mayar da ita salon baƙaƙen kudancin Amurka. Jimi Hendrix ya ɗauki "All Along the Watchtower" ta Bob Dylan a shekarar, ya juya ta har shi mai waƙar ya koma yana rera ta kusa da yadda Hendrix ya yi.

Abin da ya sa wannan ya yiwu cikin tsari shi ne doka ta raba waƙa da mawaƙi. Tun 1909 dokar Amurka ta ce da zarar an buga waƙa a faifai, kowa yana iya sake buga ta muddin zai biya mai ita kuɗin da aka yanka, wanda a lokacin santi biyu ne a kan kowane faifai. Akwai asali guda da kowa ya sani, akwai mai shi, akwai farashi. A ƙasar Hausa ba ɗaya daga cikin ukun da ya tsaya haka, sai daga baya.

Taken sarauta ba ya mutuwa

Mafi tsufan maimaici a yankin Dutse yana fadar Garu, kuma ba wanda yake kiran sa maimaici. Kowace sarauta tana da takenta, wanda masu tambari da kakaki da algaita suke bugawa su busa idan mai ita ya fito. Taken na kujerar ne. Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya hau gadon Dutse a 1995, ya rasu a Janairun 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. A irin wannan sauyi makaɗan fada ba sa zama su ƙirƙiro sabon kiɗa daga tushe. Sukan ɗauki abin da suka gada, su ƙara sunan sabon sarki a jerin iyaye da kakanni, su ci gaba. Haka abin yake a Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, sauran masarautu huɗu na jihar da aka yanka daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991.

Su kansu makaɗan gadon sana'ar suke yi. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi ne yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, makaɗin kotso na fadar Maradun. Ana cewa ko laƙabinsa ma daga wani ɗan amshin mahaifin nasa mai suna Ƙwairo ya samo shi, saboda zaƙin muryarsu ya zo ɗaya. Yaro a irin wannan gida yakan shekara goma yana rera waƙar uba kafin a bar shi ya ɗora tasa. Saboda haka sauya suna a cikin tsohuwar waƙa, abin da dattawan biki suke ƙorafi a kai, al'ada ce ta fada. Bambancin shi ne a fada an san gidan da waƙar ta fito, kuma wanda ya sauya sunan yana da izinin gado.

Malamai da tahamisi

Masu rubutacciyar waƙa su ma suna da tasu hanya, wadda ta fi ta kowa ƙa'ida. Ita ce tahamisi: mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku a gaba, ya zama mai biyar, ba tare da ya taɓa kalma ɗaya ta mai asali ba. Ishiriniyar da ake karantawa a watan Mauludi a zaurukan Dutse da Birnin Kudu da Jahun irin wannan aiki ce. Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya yi asalinta, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, kuma haɗin ayyukan biyu ne almajirai suka haddace. A gidan Shehu Usmanu ma haka aka yi da "Tabban Haƙiƙa": Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san rabon kowa.

A ƙarni na 20 aka sami misalin da ya fi kowanne ƙarfi. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya ji yadda kiɗan caji ya kama bakin matasa, waƙar dandali da malamai ba sa so. Sai ya ɗauki karin nata ya zuba mata wa'azi da begen Annabi, aka sami "Imfiraji", wadda aka buga kashi tara. Karin da ake rawa da shi ya koma ɗauke da zancen mutuwa da hisabi. Daga nan makafi masu bara suka ɗauke ta suka bi kasuwanni da tashoshin mota da ita, har wanda bai taɓa jin sunan Namangi ba ya haddace baitocinta. Bayan rasuwarsa a 1990 wani sabon zamani ya san waƙoƙinsa ta muryar Fauziyya Sarki Abubakar, wadda ta rera su a tsanake cikin sautin situdiyo, ta shigar da su ɗakunan matan aure da motocin ma'aikata. Waƙar ta ratsa dandali da zaure da kasuwa da situdiyo, a kowane zango tana samun masu sauraron da ba ta da su a da.

Jigawa tana da nata rabo a nan. Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta da ya rasu yana da sauran ƙuruciya a shekarun 1950, ya bar waƙoƙi a takarda, cikinsu har da "Tutocin Shehu". Ɗalibai sun karanta ta a aji, amma sautin da ya zauna a kunnen masu sauraro na Abubakar Ladan Zariya ne, wanda shi ma mawaƙi ne mai nasa suna. Ya ara wa waƙar murya, ya bar wa Mu'azu sunansa a kanta. Da ba a yi haka ba da ta tsaya a littafin jarrabawa.

Ranar da na'ura ta kafa asali

Waƙar baka tana da gini dabam. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya bayyana ta da gindi da ɗiya: gindi shi ne amshin da ake komawa gare shi, ɗiya kuwa su ne baitocin da jagora yake ɗorawa. Gindi yana zaune, ɗiya suna tafiya. Makaɗi yakan ƙara wasu ya zubar da wasu gwargwadon wurin da yake, da wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya hana. Idan Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa ranar Sallah, ya sake yin ta bayan wata uku, ba za su zo ɗaya ba, kuma ba wadda za a ce ita ce ta gaskiya.

Na'urar ɗaukar sauti ce ta sauya wannan. Kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayan makaɗan Arewa, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya ɗauki ɗimbin waƙoƙi yana watsawa, sannan kaset ya bazu a shekarun 1970 ya shiga kowace kasuwa, daga Kantin Kwari har Shuwarin. Abin da makaɗi ya faɗa a dare ɗaya ya daskare. Mutumin Kiyawa da na Maraɗi suka haddace zubi ɗaya, har da inda mawaƙin ya yi tari da inda maroƙi ya tsoma baki. Daga ranar ne aka sami abin da za a auna sabon mai rerawa da shi, aka kuma sami damar cewa ya yi daidai ko ya kauce. Makaɗan da kansu ba su ɗauki zubin faifai a matsayin na ƙarshe ba. Masu sauraro ne suka ɗauke shi haka.

Daga silima zuwa bandiri

Na'urar ta kawo wani baƙo. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima a Kano da Jos da Kaduna suka fara nuna finafinan Indiya, waƙoƙinsu suka kama zukata. Abdu Yaron Goge na Jos yana cikin na farko da suka ɗauki karin waƙoƙin nan suka ɗora a kan goge da kalmomin Hausa. Daga baya, a Kano, matasa masu bege suka haɗa karin Indiya da bandiri, gangar da aka sani a zikirin Ƙadiriyya, suka mayar da waƙoƙin soyayya yabon Annabi. Wata ƙungiya ma ba ta ɓoye ba, ta sa wa kanta suna Ushshaƙu Indiya. Dabarar Namangi ce aka sake: a karɓe kari daga inda ake ganin bai dace ba, a ba shi aikin da jama'a za su yarda da shi. An yi musu a kan halaccin abin, amma kaset ɗinsu ya sayu.

Finafinan Hausa, waɗanda suka fara da "Turmin Danya" a 1990, sun bi wannan sawu da fiyano. A nan ne aka ga iyakar abin. Waƙoƙin fim da yawa sun ɗauki karin Indiya suka bar shi a aikinsa na asali, saurayi da budurwa suna zagaya itace, ba abin da ya sauya sai harshe. Kaɗan ne daga cikinsu ake tunawa a yau.

Mata sun fi kowa sanin cewa waƙa ta gari ce. Amada, kiɗan ƙwarya da ake yi a cikin gida ranar suna ko biki, tana da tarin amshi da ba a san wadda ta fara su ba. Uwaliya Mai Amada ta fito da su fili a Kano. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki salon ta ƙara masa barkwanci da zancen sana'a da kishi da dogaro da kai, har ya zama kamar da ita aka halicce shi. Haka Nasiru Garba Supa ya gaji kukumar mahaifinsa, yana rera waƙoƙinsa, ya kuma kai kayan kiɗan dandalin da uban bai taka ba, har ya yi wasa tare da mawaƙan zamani masu salon gambara.

Abin da ya sa Shata ya gagara

Idan ana neman ƙungiyar da ta yi wa Hausawa abin da Beatles suka yi wa Ingila, ta Shata ce: shi a gaba, masu kalangu da 'yan amshi a baya, sama da shekara hamsin suna tafe. An haife shi a Musawa a 1923, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura. Ba mawaƙin da ake kwaikwayo kamarsa, kuma ba wanda kwaikwayonsa ya fi wuyar gamsarwa. Dalilai uku ne.

Na farko, Shata a take yake ƙirƙira. Gindin waƙarsa gajere ne, wani lokaci layi ɗaya, sauran duk abin da idonsa ya gani ne a wurin. Wanda ya haddace zubin kaset ya maimaita shi kalma da kalma ya kamo sawun giwa ne, giwar ta wuce.

Na biyu, kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya da hammata yana saki, sauti ya hau ya sauka yadda karin harshen Hausa yake hawa da sauka, ya ba mawaƙi amsa, wani lokaci ya riga shi faɗin abin da zai faɗa. Kiɗan da aka ɗora a fiyano yana zagayawa ne a ma'auni ɗaya, ba ya jiran kowa, ba ya amsa wa kowa. Rabin hirar ya tafi.

Na uku, yawancin waƙoƙin na wasu mutane ne. Wadda aka yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar cike take da iyayensa da garinsa da alherin da ya shiga tsakaninsu. Idan aka cire sunansa aka sa na wani, sauran baitocin sun zama shaidar zur. "Bakandamiya" kuwa kirarin Shata ne ga kansa, duk wanda ya rera ta yana da'awar abin da bai yi ba. Shi ya sa ɗansa Sanusi, da yake rera waƙoƙin uban da kalangu, ya fi samun karɓuwa wurin dattawa: yana yi ne a matsayin magaji mai riƙon amana, irin na fada. Waƙoƙin da suka fi sauƙin ɗauka su ne waɗanda ba su rataya a wuyan mutum ɗaya ba, kamar na soyayya da Haruna Uji na Haɗeja ya yi da gurmi, ko "Karen Mota" ta Ɗanmaraya Jos, wadda duk tashar da aka je akwai mai ita.

Haƙƙin wa?

A nan ne maganar ta wuce ta daɗin kunne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ke nan waƙoƙin Shata suna da masu su har ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya, da ya rasu a 2015, har 2085. Sautin da aka ɗauka a faifai yana da nasa wa'adi na shekara 50. Abin da ya zama na gargajiya, wanda ba a san mai shi ba, dokar ta sa kula da shi a hannun hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa.

A takarda ke nan. A kasuwa kuwa, mai tura waƙoƙi a waya yana cika katin ajiya da Shata da Ɗanƙwairo a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, wasu kuma suna ɗora tsofaffin faya-fayai a YouTube suna karɓar kuɗin talla. Dokar ma an gina ta ne a kan tunanin marubuci guda, alhali waƙar baka aikin taro ce. Makaɗin da ya ƙirƙiro bugun da ake gane waƙar da shi tun kafin a buɗe baki, da 'yan amshin da suka riƙe gindinta shekara talatin, ba kasafai sunansu yake kan faifai ba, balle 'ya'yansu su nemi wani abu. Tsohon tsari ya fi adalci ta wannan fuska, domin kyautar da aka samu a wurin wasa akan raba ta a ƙungiya kafin a watse. Yanzu da kwamfuta ta fara iya kwaikwayon muryar mamaci ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, tambayar wane ne yake da izini za ta ƙara tsananta.

Malaman tahamisi sun bar ƙa'idar da har yau ba a sami wadda ta fi ta ba: a bar na mai asali yadda yake, a ƙara nasa a inda kowa zai gane, a ambaci sunan wanda aka ɗora a kansa. Namangi da Fauziyya da Abubakar Ladan da Barmani kowannensu ya cika wani sashe na wannan, shi ya sa ake ci gaba da sauraronsu. Saurayin da ke gaban fiyano a Takur yana da hanyar shiga sahunsu. Zai iya faɗin sunan Shata kafin ya fara, ya nemo mai kalangu ya zauna kusa da shi, ya riƙe gindin waƙar, sannan ya dubi mutanen da ke gabansa a daren ya yi musu ɗiyan da suka dace da su. Abin da Shata yake yi ke nan a duk inda ya sauka.